Kyamara ta Uku a Hannun Alƙaliya

Yayata,

Ga gaisuwar ƙani, a tsaye, don gwiwar nan ta hana ni durƙuso. Yaya aiki, yaya marasa lafiyarku, yaya kuma bayan nan naki da kike ce mini ya warke duk sanda kika tashi yi mini ƙarya? Mu nan lafiya lau. Madam tana gaishe ki. Ta ce maganin da kika aiko ya yi mata, sai dai ya buɗe mata ciki, ni ke ji a jikina.

Direban motar magungunanku ya kawo kuɗin da kika aiko cif-cif, a ƙulle cikin safar hannu ta asibiti, kamar abin da aka ciro daga cikin mutum. Ya ce dajin da kuke gina madatsar ruwan nan har yau waya ba ta kamawa sai an hau kan tanki. Kada ki hau tanki saboda ni. Takarda ta ishe mu.

To, maganar 'yarki. Ko in ce 'yata, tunda ni take harara da safe. Alƙaliya ta hango abin da take so. Ƙungiyar ƙwallon kwando ta mata, masu wasa a zauren bayan makarantar koyon sana'a, suna neman mai ɗaukar hoto na kakar bana. Kocinsu ya ce duk mai so ya zo wasan buɗe kaka da kyamararsa ta kansa, ya ɗauka, a duba. Wanda hotonsa ya yi, aiki nasa. Su huɗu ne ke nema. Ita kaɗai ce mace, ita kaɗai ce kuma ta koyi sana'ar da kyamarar aro.

Ni da na tsufa ina sayar da tsofaffin rediyo da fanka, na ɗauka kyamara ma haka take: ka girgiza, ka kunna, ka taya. Ashe gida biyu ce. Akwai jiki, akwai gilashin da ake murɗawa a gabansa, kowanne da kuɗinsa, kowanne da maƙaryacinsa. Manyan kamfanonin kuma ba sa shiri, gilashin wannan ba ya shiga bakin wancan ko za ka yi kuka. Jikin ma yana da tafiya kamar mota, ana dubawa a ga yawan dannawar da ya sha.

Mun zaga ni da ita har takalmina ya fara magana. Kuɗinki, Yaya, masu mutunci ne, amma a layin masu kyamara ba a ba su kujera. Ɗayan biyu za su iya.

Na farko, wani tsohon mai studiyo ne zai rufe shago, idonsa ya gaji. Yana da jiki tsoho, fenti ya koɗe a inda babban yatsa ke zama, da ɗan guntun gilashi da suke kira mai hamsin. Ba ya janyo abu kusa. In kana son kusa, ka taka da ƙafarka. Amma wai yana shan haske ko a ɗakin da ba taga. Na biyu na wajen Dogo ne, mai shigo da kayan hannu a kwali, a saman benenmu. Nasa yana sheƙi, ga gilashi mai janyowa, in ka murɗa ya miƙo kamar wuyan kunkuru. Wannan in ka rataya, ko ba ka iya komai ba sai an matsa maka hanya.

Na ce mata, “Dubi wannan. Ko mai gadi sai ya sara miki.”

Ta ce, “Kawu, rabin fitilun zauren sun mutu. Mai gadi zan ɗauka ko 'yan wasa?”

Na ce tsohuwar can ko kyauta aka ba ni sai na yi shawara. Ta yi mini kallon nan da ya sa na laƙaba mata sunan tun tana rarrafe.

Kuɗi naki ne, don haka ki yanke. In direba zai juyo ɗaukar magani, ki ba shi amsa. Tsohon ya ce zai jira, amma na ga wani yana shafa kyamarar da ido.

Ƙaninki,
Auta

*

Auta,

Na gaishe ka, na gaishe da Madam. Bayana yana nan, ba ruwanka da shi. Gwiwarka kuwa ba magani take so ba, ragin tumbi take so.

Takardarka ta same ni tsakanin wani lebura da ya sare ƙafa da wani injiniya da ya rantse zazzaɓinsa ya fi na kowa a duniya. A tsaye na karanta, a tsaye nake ba ka amsa.

Ban san jiki ba, ban san gilashi ba. Wuyan kunkuru dai na gane. Kai ne a kasuwa, kai kake ganin kayan da idonka, ka yi yadda ka ga ya fi. Amma ka saurare ta, don ita za ta riƙe.

Abin da na sani shi ne, yarinyar nan tun da na bar ta a hannunka ba ta taɓa roƙona komai ba, ko ɗan kunne. Wannan ne na farko, shi ma sai da na tatso shi daga bakinta. In aikin nan ya wuce ta, ba za ta yi kuka ba, ka san ta. Za ta naɗe abin ta ajiye, ta koma neman aikin da ba ta so, ba kuma za mu sake jin maganar hoto ba. Wannan nake tsoro. Ina so ranar wasan ta shiga zauren kanta a ɗage.

Ka ce mata ta riƙa cin abinci kafin ta fita.

Yayarka

*

Yayata,

Ina fata kina lafiya, leburan ya taka, injiniyan kuma bai mutu ba. Nan sai godiya. Tumbina yana gaishe ki, ya ce bai yi miki komai ba.

Albishir biyu ne, na biyun ya fi na farko.

Na farko, na saurare ta kamar yadda kika ce. Mun sayi ta tsohon. Na matse shi har ya haɗa mana da jaka da batir na biyu, yana miƙo ta yana share ta da gefen riga kamar zai raka ta tasha. Daga ranar gidanmu ya zama studiyo. An ɗauki Madam tana yanka albasa, an ɗauki kyanwar maƙwabta, an ɗauke ni ina hamma, hoton da na hana a nuna wa kowa. Gaskiya guntun gilashin nan mugu ne. A ƙarƙashin matakalar shagona, inda ni kaina sai na kunna fitila nake ganin canji, ta ɗauki mai gyaran agogo har ana ƙirga gashin girarsa.

Na biyu kuma ga yadda ya faru. Wuta ta ɗauke a gida, ta kawo kyamarar shago ta yi caji, ta bar ta a kan teburi ta tafi sayo wa Madam zare. Kin san teburina. Abin da ya hau shi ya hau kasuwa, ba da nufina ba, halin teburin ne. Sai ga wani mai hoton fasfo ya zo neman fanka. Ya ga kyamara, ya manta da zafi. Ashe irin wannan tsohon jikin an daina yinsa, masu sana'a suna nemansa ido rufe.

Na ce ba ta sayarwa ba ce. Ya taya. Na ce ta 'yata ce. Ya ƙara. Na ce mahaifiyarta tana daji tana fama da majinyata saboda ita. Ya sake ƙarawa. Yaya, mutum yana ƙari ina cewa a'a, har na fara jin kamar ina yi wa arziki rashin kunya. Nan na tuna da maganarki, cewa in yi yadda na ga ya fi. Na duba, na ga wannan ya fi.

Kafin ta dawo na hau wajen Dogo. Abin da kuɗinki bai kai ba a da, yanzu ya kai har ya zauna. Na sauko da jiki sabo-sabo na ɗaya kamfanin, da gilashi biyu, guntu da mai janyowa. Ko sisi bai shiga aljihuna ba, ki tambayi Dogo, duk da shi ma ba a rantsuwa da shi.

Ta shigo da zare a hannu, ta dubi teburi.

“Kawu, ina tawa?”

“Ga ta nan. Girma ta yi.”

Ta ɗauka, ta juya, ta nemi cire gilashin, ya ƙi. Ashe na wannan kamfanin ta ɗaya hannun ake murɗawa. Ta kai yatsa inda ta saba, babu komai a wurin sai roba.

Ta ce, “Komai nata a juye yake.”

Na ce, “Ke da kike da ƙwaƙwalwa? Kwana kaɗan ki saba.”

Ta ce na gode, irin godiyar wanda aka miƙa wa sakamakon gwajin jini. Yarinta ce. Wanda aka ɗauke daga keke aka ɗora a babur ma sai ya ɗan yi fushi kafin iska ta buge shi.

Ki kwantar da hankalinki. Kayan 'yarki suna hannun wanda ya san kaya.

Naki,
Auta

*

Yayata,

Kafin komai, kada hankalinki ya tashi: kyamarar ba ta hannunmu, amma ba abin da kike zato ba ne, zan yi bayani.

Lafiya dai ko? Wata ya kusa zagayowa ban ga direba ba, ban ga takarda ba. Wannan ma wani mai kai muku siminti na roƙa. Na karanta shirunki ta gaba, na karanta ta baya. In fushi ne, ki rubuto ki zage ni, na fi gane wannan yaren. In ciwo ne, ki sa wani ya rubuta. Jiya na je tashar manyan motoci sau biyu ba dalili, na dawo na ɓata wa wani mai sayen rediyo rai a banza. Madam ta ce ina juyi a gado kamar kifi a mai.

Ga bayanin. Ta fara sabawa da ta biyun, har na ji tana waƙa a tsakar gida. Sai wani saurayi da zai buɗe studiyo ya zo yana neman jikin wannan kamfanin takamaimai, don ya gaji gilasansa daga wansa. Mai nema takamaimai, Yaya, shi ne abincin ɗan kasuwa. Na ce mata zan kai a goge mata cikin kyamarar. An kuwa goge, ban yi ƙarya ba. Wanda ya saya ne dai ya mori gogewar.

Abin da na ɗauko a madadinta, ko a mafarki kuɗinki ba su taɓa ganinsa ba. Jikin manyan 'yan jarida ne, nauyinsa kamar bulo. Ya sha dannawa, amma irinsu ba sa mutuwa. Ga gilashi tsawon damtsena. Da na shigo da shi gida, yaran layi har ƙofa suka rako ni.

Ita kuwa ta karɓa ta ajiye. Ta daina waƙa dai.

Koci ya bar masu neman aikin su zo wajen atisaye su gwada hannu. Na rufe shago na bi ta, ni ne ɗan ɗaukar jaka. Zauren nan gaskiyarta, duhu ne da shi kamar sito, ga ƙarar takalma a kan katako kamar ana yanka ɓeraye. Na zauna ina jiran a fara kallonmu. An kalle mu kuwa. Amma duk sanda 'yan matan suka taso da gudu, sai in ga ta sauke kyamarar daga ido tana neman maɓalli. Kafin ta samu, ƙwallo ta shiga raga, an juya. Yatsanta yana zuwa gidan ta farko, ya tarar an tashi, ya je gidan ta biyu, nan ma an tashi. Akwai wani siriri cikin masu neman, da wata 'yar kyamara da aka ɗaure murfin batirinta da salatif. Shi tun da ya manna ta a fuska bai sauke ba.

A mota ta nuna mini abin da ta samu. Inuwoyi masu gudu, ƙafa ba kai, raga ba ƙwallo. Ta ce dogon gilashin nan na rana ne, a duhu makaho ne. Ta ce, “Kawu, abu ɗaya nake roƙo. Ka mayar da shi, ka karɓo mini guntu mai shan haske. Daga nan ka bar ni haka.” Na mayar, na karɓo, da faɗuwa, abin da ban taɓa yi wa kowa ba.

Amma na yi tunani na gano inda matsalar take. Jikin nan ya yi mata nauyi, maɓallansa sun yi yawa. Akwai wani sabon samfuri, ƙarami, ba ya ko ƙara in an danna, wai shi da kansa yake bin idon ɗan wasa. Dogo zai samo. Na riga na sami wanda zai ɗauki bulon da daraja. Wannan ne na ƙarshe, daga shi na rufe. Da sauran 'yan makonni kafin wasan, za ta saba.

Ki yi magana, don Allah.

Auta

*

Auta,

Ina lafiya. Ruwa ne ya cinye gadar da ke tsakaninmu da titi, mota ba shiga ba fita, har gishirin ƙarin ruwa sai da muka riƙa lallaɓawa. Ba fushi na yi ba. Yanzu ne na yi.

Takardunka biyu tare suka iso, ranar da aka buɗe wa motoci hanyar wucin gadi. Ta sama na fara buɗewa, na ci karo da “kyamarar ba ta hannunmu”. Sai da na nemi kujera. Na ɗauka ɓarayi ne suka tare ta a hanya, har na fara tunanin ko sun ji mata ciwo. Da na karanta duka biyun na gane ɓarawon a gida yake kwana, kuma ko sisi ba ya ɗauka, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Da kuɗin ka ci, da na san sunan abin.

Ita ma ta rubuto, layi uku. Tana lafiya, tana cin abinci, “Kawu yana ƙoƙari.” Na karanta na yi murmushi, har na nuna wa abokiyar aikina. Sai da na ajiye tata kusa da naka na ji abin da take faɗa.

Na ce ka yi yadda ka ga ya fi wajen zaɓe. Ban ce ka buɗe reshen shago a wuyan 'yata ba.

Bari in gaya maka abin da ban zaci sai na gaya wa mai furfura ba. Bara kamfani ya canza mana irin allurar ƙarin ruwa. Sabuwar ta fi tsohuwar kyau, kowa ya yarda. Ni da na tsufa ina neman jijiya, ranar farko sau biyu na huda wani bawan Allah, don fiffikenta ba a inda yatsana ya sani yake ba. Kaina ya gane ta a minti ɗaya. Hannuna sai da ya ɗauki lokacinsa, kuma ba a yi masa gaggawa. Kai kana ba ta abin da ya fi, kana ƙwace mata abin da ta sani. Ƙwallo ba za ta tsaya a sama tana jiran ta nemo maɓalli ba.

Kada ka sayar da bulon. Ko ya yi nauyin buhun siminti, shi ne nata. Kada ka kai shi gogewa, kada ka kai shi gaisuwa, kada ya hau teburin nan naka mai hali.

Tsorona ɗaya, kafin wannan ta iso ka riga ka yi. Na roƙi direba ya fara biyawa ta wajenka kafin ya je ɗaukar kaya. In ka riga ka yi, Auta, kada ka rubuto mini da barkwanci.

Yayarka

*

Yayata,

Na gode Allah da gada ce ba ke ba. Muna lafiya, in ban da ni.

Takardarki ta iso bayan an tashi daga shari'a. Ba abin da kike tsoro ne ya faru ba. Wanda ya faru, ni ne ban san in ji tsoronsa ba.

Mun shirya da mai sayen bulon zai zo shago da hantsi. Wannan karon ban ɓoye ba, na faɗa mata muna cin abinci, har na kwatanta mata sabuwar da hannu. Ta ce, “To, Kawu.” Da ma na san “to” ɗin Alƙaliya ba a sayensa da arha, amma daɗin ciniki ya rufe mini kunne.

Da safe na tarar ta riga ni fita. Mai saye ya zo, na sa aka kawo masa shayi, muna hira ina leƙen hanya. Sai ga ta. Ta gaishe shi da ladabi, ta zuge jaka, ta ɗora kyamarar a kan teburina da hannunta.

Yaya, kin san mai yanka makulli na bakin benenmu, wanda ke zana suna a jikin kofunan gasa da allon ƙofa? Wajensa ta je. Sunanta ne a goshin kyamarar, manyan baƙaƙe, zane mai zurfi, ya bi ta kan sunan kamfanin ya wuce. An sake zana shi a gindi, an sake a murfin batir, ko da wani zai yi dabara. Maɓallan kuma ta ɗiga musu jan farcen Madam, wannan ɗigo ɗaya, wancan biyu, an bari sun bushe sun yi tudu. Kyamarar da na yi wa kirari sati guda ta koma kamar kwanon ɗan makarantar kwana.

Mai saye ya juya ta, ya karanta sunan a hankali, ya ajiye. Ya ce, “Maigida, ai wannan ta riga ta yi miji.” Don kunya ya taya abin da ko jakar bai kai ba, ya shanye shayina ya tafi.

Na ce mata, “Kin san abin da kika ƙona yau?”

Ta ce, “Na sani. Sai da na tambaya.”

“Wa kika tambaya?”

“Dogo. Na ce mene ne yake kashe kuɗin kyamara gaba ɗaya, amma bai taɓa hoton da take ɗauka ba.”

Na ɗaga kai, ga Dogo a kan matakala ya riƙe ƙarfe yana dariya ba sauti. Mutumin da zai ci riba da ni a sabuwar. Ya ce shi a rayuwarsa ba a taɓa yi masa tambaya mai daɗin wannan ba, ya kasa yin ƙarya.

Na ce, “Da kin ce ba kya so, ai da na bari.”

Ta ce, “Na ce, Kawu. A mota.”

Ni da ake cewa ko gawa na taya sai ta rage, sai na koma goge teburina. Ta ɗauki kayanta ta rataya, ta tambaye ni ko akwai saƙon gida, ta fita.

Ranar ban ci abincin rana ba. Na kai ƙara wajen Madam, ta ce jan farcen ma ita ta zaɓa mata, wanda ya fi kauri. Gida ɗaya, Yaya, ni kaɗai ne baƙo.

Yanzu kullum da yamma tana zauren. In ta dawo sai ta ɗaure idonta da ɗankwali, ta zauna a tabarma, Madam tana kiran maɓalli tana lalubowa. In ta kuskure su yi dariya. Ni ba a sa ni a wasan. Wuyanta ya yi ja saboda nauyin, na sayo mata igiya mai faɗi, ta karɓa ta duba ta ciki da waje kafin ta ce na gode.

Kin ce kada in rubuto da barkwanci. Wallahi da gaske nake, abin yana ci mini rai. Kaya mai kyau, a raye, an kashe masa kasuwa ina kallo.

Auta

*

Auta,

Lafiya lau. An gyara gada.

Na yi dariya har injiniya ya leƙo ya tambaya ko an ƙara albashi. Ka gaishe mini da Madam gaisuwa ta musamman, ka gaishe da Dogo.

Ranar wasan ka rufe shago ka je. Ka zauna a sama, hannu a aljihu, kada ka yi ciniki da kowa. Ka rubuto mini abin da ya faru yadda ya faru, ba yadda za ka sayar mini da shi ba. Ba na iya barcin kirki tun da watan ya kama.

Yayarka

*

Yayata,

Ki yi barci. Ga yadda ya faru, ba ƙari.

Zauren ya cika, fitilun da suka mutu ba wanda ya tashe su. Na hau can sama na zauna kusa da wata mata mai 'ya a cikin 'yan wasan, wadda ta yi ta dukan kafaɗata duk sanda aka ci. Masu neman aikin suka jeru a bakin fili. Biyu sun zo da dogayen gilasai, suka tsaya daga nesa kamar masu harbin tsuntsu. Siririn nan mai salatif ya tsuguna a gefe. Alƙaliya ta wuce su duka, ta je ta zauna dirshan a ƙasa, bayan raga, inda in 'yar wasa ta zame a kanta za ta sauka. Sau ɗaya an sauka ɗin. Na miƙe, matar nan ta janyo ni.

Abin da na sa wa ido shi ne hannunta. Tun da aka busa usur ba ta sauke kyamarar daga fuska ba. Yatsun suna ta tafiya su kaɗai a kan tudun jan farcen, kamar ba da saninta ba. Ni da na zo da shirin jin haushi, sai na tarar na manta.

Bayan kwana biyu Koci ya kira su ofishinsa, wani ɗaki mai warin takalma. Ta ce in raka ta, amma in tsaya a ƙofa. Daga ƙofar ma ana ji. Hotunanta da yawa ba su yi ba, ba zan ɓoye miki ba, wasu sun karkace, wasu hannu ya tare. Na siririn sun fi nata tsabta. Amma Koci ya tsaya a kan guda, ya daɗe. Wata 'yar guntuwa ce a cikin 'yan wasan ta yi sama da ƙwallo, dogaye biyu sun rufe ta, fuskarta kaɗai ta fito ta tsakanin hannuwansu, haƙora a cije. Ya ce shekara uku yana gaya wa yarinyar nan haka take in ta yi zuciya, ba ta yarda. Ya wuce, ya sake dawowa kansa.

Ya raba aikin. Wasannin waje na siririn ne. Na gida, a zauren nan mai duhu, nata ne har ƙarshen kaka. Da zai sallame ta ya dubi goshin kyamarar ya ce aƙalla ba zai manta sunanta ba wajen biya.

Ba ta yi tsalle ba, kin san ta. A hanya dai ta sayi lemo uku, ta ba ni biyu.

Saura magana ɗaya, tunda kin ce in faɗi komai. Guntun gilashin nan da na karɓo mata da faɗuwa, irinsa ya yanke a kasuwa, Dogo ya ce kuɗinsa ya kusa ninkawa. Kuma shi babu zane a jikinsa ko ɗaya, sumul yake. Ban nemi mai saye ba, Yaya, Allah ne shaida. Da safen nan muna shan shayi yana kan tabarma, kallonsa kawai na yi, shi ma ba kallo mai tsawo ba. Ta bi idona har inda ya sauka. Ta ajiye kofi, ta ɗauki gilashin ta sa a jaka, ta juya wajen Madam.

“Anti, mai yanka makullin nan ƙarfe nawa yake buɗewa?”

Ƙaninki,
Auta